Koren fenti ba ya sanyaya ɗaki

Zanen gine-gine ne sana'ata, kuma yawancin ayyukana tsakanin Gwaram da Birnin Kudu suke. A 'yan shekarun nan da wuya takardar kwangila ta zo hannuna ba a rubuta "ginin da ke kare muhalli" a cikinta ba. In ka bi diddigi, sai ka tarar koren fenti ne da faifan sola biyu, sai 'yan shuke-shuken da ake dasawa ranar buɗewa.

An taɓa kirana in duba wani ofis irin wannan. Tsohuwar tsamiya aka sare kafin a haƙa tushe. Bango siririn bulo, rufin kwano, manyan tagogin gilashi suna fuskantar yamma, harabar kuma an malale ta da siminti kaf. A watan Afrilu, da azahar ta yi, ma'aikata sai su kwashi kujeru su koma gindin darbejiyar maƙwabci. Shuke-shuken tuni awaki suka cinye, don ba wanda ya kewaye su. Da damina kuwa, ruwan da ya rasa ƙasar da zai nutse a cikinta gidajen mutane yake gangarawa. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin da aka kashe ya isa a yi gini na gari.

Masana'antar siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Amma akwai wata hanya: Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker ta zanen gine-gine a 2022, da tubalin ƙasa ya gina makarantar ƙauyensu, Gando. Mariam Kamara ma da shi ta gina masallacin Dandaji a Nijar.

Na san za a tuna mini gidajen ƙasa da ambaliyar 2022 ta rusa a Jigawa. Gaskiya ne. Amma ginin ƙasa daga gindi ruwa ke cin sa. A ɗaga tushe da dutse, wanda ba mu rasa shi ba a yankinmu, a fitar da bakin rufi, a gyara indararo, a riƙa yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Mai gida, kafin ka biya kuɗin zane, tambayi mai zanenka ina ruwan sama zai bi, wace bishiya za a bari a filin, kuma ko za a iya zama a ɗakin da bazara in an ɗauke wuta. In bai amsa ba, kada ka sa hannu.