Darasi: Na'urar Da Ke Gane Faɗuwar Tsoho Ba Tare Da Leƙa Sirrinsa Ba

Darasinmu na wannan fitowa yana kan tsofaffin da ke zaune su kaɗai, 'ya'ya sun watse wurin aiki ko gidan aure. In tsohuwa ta zame a banɗaki da asuba, wa zai sani?

Girman Matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi ɗauka. Haɗarin bai tsaya ga karayar ƙugu ba. Wanda ya wuce awa ɗaya a ƙasa bai iya tashi ba, ruwan jikinsa kan ƙare, sanyi ya kama shi, tsoka ta lalace har ta taɓa ƙoda. Kin ga ke nan saurin kai ɗauki shi ne magana.

Me Ya Hana A Sa Kyamara?

Wata za ta ce, to ai sai a kafa kyamara. Amma ki tuna, inda aka fi zamewa shi ne banɗaki da ɗakin kwana, wuraren da mutum ke tuɓe kaya. Aya ta 58 a Suratun Nur ta koyar da neman izini a lokuta uku kafin a shiga wa mutum: kafin asuba, da lokacin hutun rana, da bayan isha'i. Tsufa ba ya zubar da wannan haƙƙi. Ga kuma haɗarin hoton ya bi intanet ya faɗa hannun da bai dace ba.

Hanyoyi Uku Marasa Ɗaukar Hoto

1. Ta ɗaurawa a jiki. A shekarar 2018 kamfanin Apple ya fito da agogon Apple Watch Series 4 mai gane faɗuwa. Agogon yana jin bugun da jiki ya yi da ƙasa. In mutum ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai ya yi ƙara, ya kira agaji, ya aika saƙo ga dangi. Matsalarsa, tsoho kan cire shi don caji ko wanka, ya manta bai mayar ba.

2. Ta bango. Wannan tana watsa igiyar rediyo marar ƙarfi, ta bugi jiki ta dawo, kamar yadda jemage ke gane hanya da amsa-kuwwar kukansa. Ba ta ganin fuska ko tsiraici, abin da ta sani kawai mutum yana tsaye ne, ko zaune, ko ya faɗi. Wata farfesa haifaffiyar Siriya, Dina Katabi ta jami'ar MIT a Amurka, ta ƙirƙiro irinta mai suna Emerald, har aka nuna wa Shugaba Obama a shekarar 2015.

3. Ta ƙasa. Shimfiɗa ce da ake sawa ƙarƙashin darduma ko daɓe, irin SensFloor ta ƙasar Jamus. Tana bambance takun ƙafa da jikin da ya kwanta warwas.

Kafin Ki Saya

Da farko ki nemi yardar mai ɗakin. Ki zauna ki yi wa Inna ko Baba bayani cikin ladabi. In suka ce a'a, a sake lallashi, kada a kafa a ɓoye.

Na biyu, ki tambayi mai sayarwa: bayanan da na'urar ke tarawa a cikinta suke zama, ko kamfani ake tura wa? Tana ɗaukar murya? Wa da wa ke iya gani?

Na uku, in an ɗauke wuta ko intanet ta yanke, tana da batirin da zai riƙe ta?

Na huɗu, a gwada ta da sujada da zaman tabarma, kada ta riƙa tayar da hankalin mutane a banza.

Na biyar, a sa lambar maƙwabci na kusa. Saƙon da ya isa ga ɗa mai nisan tafiyar awa biyar ba zai ɗaga tsohuwa daga ƙasa ba.

Kammalawa

'Yar'uwa, na'ura ba ta hana faɗuwa, sanarwa kawai take yi. Rigakafin yana hannunmu: a sa fitila a hanyar banɗaki, a goge santsi, a kafa abin dafawa, a duba musu ido, a nuna wa likita magungunan da ke sa su jiri. Kuma ba na'urar da za ta maye gurbin leƙawa da gaisuwar safe.

Allah Ya ba mu ikon kula da su cikin mutunci, Ya sa mu gama da su lafiya. Wassalam.