Wa Muke Ba Amanar 'Ya'yanmu a Filin Wasa?

A ƙasar Hausa ba a ba mutum aure sai an yi bincike. Akan tambayi asalinsa, da sana'arsa, da halinsa. Amma idan wani ya zo makaranta ya ce zai koya wa yara ƙwallo kyauta, sau da yawa mukan yi murna mu miƙa masa su, ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Wannan darasi yana so mu duba wannan sakaci.

Mu fara da abin da ya faru a gida. A watan Oktoba na 2019, 'yan sanda sun shiga wani gidan horo a Daura, suka fitar da mutum 67, yara da manya, wasunsu cikin mari. Waɗanda aka fitar sun ba da labarin duka da lalata. Galibinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, domin sun yarda da wurin. Gidan nan ba filin wasa ba ne, amma ciwon ɗaya ne: an ba da amana, ba a kuma koma an duba ba.

A fagen wasa ma haka take. A 2021 an kama kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata ta ƙasar Mali, bayan 'yan wasa sun bayyana yadda yake nemansu da lalata. A Amurka, a 2018, an ɗaure Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki, bayan mata fiye da 150 sun ba da shaida a kotu. Dukansu biyu sun daɗe ana ganin girmansu.

Me ya sa wasa yake da wannan haɗari? Koci ne ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, don haka yaro yana tsoron ɓata masa rai. Ga tafiye-tafiye zuwa gasa a Katsina, ko Mai'adua, ko Zango, inda iyaye ba sa nan. Ga ɗakin canja kaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Doka tana bayanmu. Nijeriya ta kafa Dokar 'Yancin Yara a 2003, Jihar Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara a 2020. A 2019 aka buɗe rajistar masu laifin lalata ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. Amma doka ba ta tsaron ƙofar makaranta, mu ne za mu tsare.

Kafin a karɓi malami ko mai aikin sa kai, sai a yi abu uku. Na farko, ya kawo sunayen mutum biyu da suka san shi, a kuma je a same su baki da baki, domin takarda kaɗai ba ta isa ba. Na biyu, a tambayi inda ya yi aiki dalilin barinsa, a kuma ji ta bakin mai unguwarsu. Na uku, ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Kada a ɗauke wa kowa wannan, ko tsohon ɗalibinmu ne, ko dattijon ikilisiya. Mutumin kirki ba ya jin haushin bincike.

Bincike yana kama wanda aka riga aka sani ne kawai, saboda haka muna bukatar ƙa'idodi. Kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai. Kowace tafiya a sami manya biyu, in da 'yan mata a sami mace. Kada koci ya riƙa ba ɗalibi kyauta ko kiransa a waya a ɓoye.

Ku kuma ɗalibai, idan wani ya taɓa ku yadda bai dace ba, ko ya ce ku rufa masa asiri, ku faɗa wa malamin da kuka yarda da shi ko iyayenku. Laifin ba naku ba ne. In na farko bai saurare ku ba, ku je wurin na biyu. Mu manya, aikinmu shi ne mu saurara, mu janye mutumin daga wurin yara nan da nan, mu kai rahoto ga hukuma. Rufa magana don kare sunan makaranta cin amanar yaro ne.

Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana.