Yadda Ake Kunna Fitila da Maɓalli a Allon Arduino Uno

Allon Arduino Uno yana da ƙafafun dijital 14, daga 0 zuwa 13, duk a jone da ƙwaƙwalwarsa, ATmega328P. Kowace ƙafa aiki biyu ta iya: ko ta fitar da wuta, ko ta saurari wadda ke shigo mata. Kai za ka zaɓa mata da umarnin pinMode. Ƙyale 0 da 1 tukuna, don ta nan allon ke magana da kwamfuta.

Fara da fitilar, bayan ka zare wayar USB. Daga ƙafa ta 8 ka jona resista mai ohm 220 zuwa doguwar ƙafar LED, gajeriyar kuma ta tafi GND. A cikin sashen setup na shirinka rubuta pinMode(8, OUTPUT). Da ka ce digitalWrite(8, HIGH) ƙafar za ta ba da bolt 5, LOW kuwa sifili.

Kada ganda ta sa ka tsallake resistan nan. Ba a so ƙafa ɗaya ta ɗauki fiye da miliamfa 20, 40 ne iyakarta, fiye da haka tana iya ƙonewa. Jar LED tana cin kusan bolt 2, saura 3. Raba su da 220, ka samu miliamfa 14 ko ƙasa kaɗan. Lafiya lau ke nan. Fanka ko famfon ruwa kam ba a rataya su a ƙafa kai tsaye, sai ta hanyar taransista.

Sai maɓalli. Gefe ɗaya ƙafa ta 2, ɗayan GND, sannan ka rubuta pinMode(2, INPUT_PULLUP). A nan masu koyo suka fi tuntuɓe. In ka rubuta INPUT kawai, ƙafar tana reto ne, ba ta sama ba ta ƙasa. Ko yatsa ka kai kusa sai fitilar ta kama ƙyaftawa ita kaɗai. INPUT_PULLUP yana sa wani resista da ke cikin ƙwaƙwalwar ya riƙe ta a bolt 5. Shi ya sa lissafin ya juye: maɓalli a sake HIGH ne, a danne LOW.

A cikin loop, idan digitalRead(2) ya nuna LOW ka kunna ƙafa ta 8, in ba haka ba ka kashe ta. Mayar da wayar, ka ɗora shirin, ka danna. Fitilar ta ƙi kamawa? Juya ƙafafunta kafin ka zargi allon.

In allon ESP32 ne a hannunka, ƙafafunsa bolt 3.3 suke aiki da shi, kada ka shigar musu da 5.