Ciwon Suga Lokacin Juna Biyu: Yadda Ake Gwaji a Gida da Rubuta Sakamako

Darasinmu na wannan fitowa na mata masu juna biyu ne waɗanda aka gaya musu a wajen awo cewa sugansu ya hau, da mazajensu, da iyayen da ke kula da su a gida.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne abin da nake gani a ɗakin awo. Mace za ta taso da sassafe daga Wonaka ko Mada, wata daga ƙauyukan Tsafe ko Bungudu, ba ta sa komai a bakinta ba, ta sha hanya, ta bi layi, a huda mata yatsa sau ɗaya, lamba ta fito da kyau, ta koma gida da murna. Alhali wannan lamba ta wancan lokacin ce kawai. Suga a jini ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka dare da rana, gwargwadon abin da aka ci da aikin da aka yi. Gwaji ɗaya a wata kamar mutum ne ya leƙa kasuwa da asuba ya dawo ya ce yau kasuwa ba ta ci ba.

Me ya sa suga ke hawa idan an sami ciki?

Akwai wani sinadari a jiki da ake kira insulin, shi ne ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi tsoka da sauran sassan jiki domin a sami ƙarfi. Idan ciki ya fara girma, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin kaifi, domin jariri ya sami isasshen abinci. Yawancin mata jikinsu kan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wasu kuwa jikin ba ya iyawa, sai suga ya taru. Wannan ne ya sa aka fi yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, wato wajen wata na shida zuwa na bakwai. Amma wadda ta taɓa haihuwar ƙaton jariri, ko ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ba tare da an san dalili ba, ko akwai mai ciwon suga a iyayenta, ko tana da ƙiba sosai, akan gwada ta tun zuwan farko.

Gwajin da ke tabbatar da ciwon a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, ba da na'urar hannu ba. Mace za ta zo ba ta karya ba, a ɗebi jini, a ba ta ruwa mai suga giram 75 ta sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan na farko ya kai 92, ko na awa ɗaya ya kai 180, ko na awa biyu ya kai 153, ɗaya daga ciki ya isa a ce akwai ciwon.

Sugan da ya yi wa uwa yawa yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, jariri ya yi ta ƙiba har ya haura kilo 4. Na san a wajenmu ana murna da ƙaton ɗa, amma mu da muke karɓar haihuwa mun san abin da ke biyo baya: doguwar naƙuda, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko kuma tiyata. Haka kuma akwai yawan ruwan ciki, da hawan jini mai kai wa ga jijjiga, sannan jaririn da aka haifa sugansa kan faɗi a sa'o'in farko. Abin farin ciki shi ne duk waɗannan suna raguwa ƙwarai idan aka riƙe suga a inda ya dace.

Yadda ake gwajin

Na'urar ba ta kai girman wayar hannu ba, ana samunta a manyan kemis na Gusau. Tana zuwa da tsinken gwaji da 'yar allurar huda yatsa. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko tsinken irin wannan na'ura yana samuwa kullum, domin kowace na'ura da nata tsinken, kuma na ga gidaje da dama da na'ura ke ajiye a ƙasan akwati saboda tsinkenta ya ɓace a kasuwa.

A wanke hannu da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai. Wannan ba maganar tsafta kaɗai ba ce. Wadda ta gama shan mangwaro ko rake, ko ta taɓa dabino, idan ta huda yatsa ba ta wanke ba, na'ura za ta auna zaƙin da ke kan fata ta ba da lambar da za ta tayar wa kowa da hankali. A huda gefen yatsa, ba tsakiya ba, ya fi sauƙin zafi, kuma a riƙa sauya yatsu. Lokacin hunturu idan jini ya ƙi fitowa, a murza hannu ya yi ɗumi, a saukar da shi ƙasa, kada a matse yatsa da ƙarfi. Allura ta mutum ɗaya ce. Ko kishiya ce ko maƙwabciya, ba a aron allura.

Tsinken gwaji ba ya son zafi ba ya son laima. A rufe gwangwaninsa da zarar an ɗauki guda, kada a bar shi a taga ko kusa da murhu, musamman a zafin watan Afrilu, kuma a duba ranar ƙarewar aikinsa.

Sai wani abu da ke rikita mutane. Wasu na'urori suna ba da lamba babba, kamar 108, da rubutun mg/dL a gefe. Wasu kuma ƙarama mai ɗigo, kamar 6.0, da rubutun mmol/L. Duk abu ɗaya suke faɗi, idan aka ninka ƙaramar sau 18 za a sami babbar. A duba irin wadda ake da ita, a rubuta a bangon littafi. Lambobin wannan darasi duk na babban ma'aunin ne.

Ga inda ake so lamba ta tsaya ga mai juna biyu, sai dai idan likita ya ba ki naki daban. Da safe kafin a ci komai, ƙasa da 95. Awa ɗaya bayan abinci, ƙasa da 140. Awa biyu bayan abinci, ƙasa da 120. Ana fara ƙirga lokaci daga lomar farko, kuma ki zaɓi ɗaya, ko awa ɗaya ko biyu, ki tsaya a kansa.

Littafi shi ne rabin maganin

A sayi ƙaramin littafin 'yan makaranta, a ja layi biyar: rana, lokaci, lamba, abin da aka ci, sai yadda jiki ya ji. Idan ba ki iya boko ba, ki rubuta da ajami, ko wani yaro a gidan ya rubuta miki, ko maigida ya ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarsa. A ƙa'ida ana gwaji sau huɗu a yini, da safe da kuma bayan kowane babban abinci.

Na san abin da mazaje za su ce. Gwangwani mai tsinke 50 idan ana gwaji huɗu a rana ba zai wuce kwana goma sha biyu ba. To, idan hali bai kai ba, kada a daina gaba ɗaya, a zo mu zauna mu tsara. Wadda ba ta kan allurar insulin za a iya tsara mata biyu a rana: na safe kullum, sai na biyun ya riƙa zagayawa, yau bayan karin kumallo, gobe bayan na rana, jibi bayan tuwon dare. A cikin mako guda an ga kowane lokaci sau biyu. Wadda ke yin allura kuwa kada ta rage da kanta.

Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa zuwa mini, cikinta na shida, awonta na asibiti kullum lafiya lau, amma ciki ya fi watanninsa girma. Da ta yi mako tana rubutu ta kawo littafi, sai muka ga na safe yana da kyau, na dare ma haka, amma na rana kullum ya haura 160. Na ce, "Hajiya, me kike ci da azahar?" Ta ce, "Wallahi Malama ba na cin komai, fura kawai nake sha." Da muka bi zance, kwano guda ne, da suga cokali uku. Ba mu hana ta fura ba. Ta cire sugan, ta rage furar ta ƙara nono, ta raba kwanon biyu, kuma ta riƙa ɗan zagaya tsakar gida na minti goma zuwa sha biyar bayan ta sha. Mako na gaba lambar ta sauko ba tare da ƙwaya ko allura ba.

Abin da muke karantawa a littafi ke nan. Lamba ɗaya da ta hau ranar biki ba ta damunmu. Wadda ke maimaita kanta a lokaci guda kwana uku ko huɗu ita ce ke magana. Idan bayan karin kumallo ne, yawanci koko ne mai suga ko shayi da burodi, kuma dama jikin mai ciki ya fi ƙin jin insulin da safe, sai a koma ƙosai da yawa koko kaɗan, ko alale, ko ƙwai. Idan bayan tuwo ne, a rage malmala a ƙara miyar kuka ko kuɓewa, da zogale, da rama, da wake. Amma idan na safe ne ke hawa kullum, wannan ba laifin abinci ba ne kawai, hanta ce ke sako suga cikin dare, kuma sau da yawa sai likita ya haɗa da magani, ko ƙwayar metformin ko allurar insulin. Insulin ba ya ratsawa zuwa ga jariri, kuma fara allura ba ya nufin za a dawwama a kanta.

Ina roƙon iyayenmu da surukai su lura da abu biyu. Zuma ma suga ce, haka alkama da acca idan aka cika kwano, littafi zai nuna. Sannan ba a horar da mai ciki da yunwa don lamba ta yi kyau, jariri na bukatar abinci, raba shi ake yi kaɗan-kaɗan. Saiwoyi da jiƙe-jiƙe masu ɗaci kuma a bar su, ba a san abin da suke yi wa ɗan ciki ba.

Ku kuma 'yan'uwana mata, littafin nan ba jarrabawa ba ce, ba mai yi muku faɗa. Ina gane littafin da aka cika a mota a kan hanyar zuwa, biro ɗaya, lambobi duk masu kyau. Na'urar ma tana ajiye sakamako a cikinta. Ranar da ba a gwada ba a bar wurin fili.

Akwai kuma sabuwar na'ura da ake mannawa a bayan damtse, kamar FreeStyle Libre, wadda ke yin kwana 14 tana auna suga dare da rana ana gani a waya. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna cewa masu juna biyu da ke da nau'in ciwon suga na ɗaya, da suka yi amfani da irin waɗannan na'urori, sun fi samun jarirai masu daidaitaccen nauyi. Tana da tsada, kuma ga yawancin matanmu yatsa da littafi sun wadatar.

Lokacin da ba a jira ranar awo

Ga mai yin allura, suga na iya faɗuwa. Alamunsa rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, jiri. A gwada, idan ya gaza 70 a jiƙa suga ƙaramin cokali uku a ruwa ta sha, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. Idan ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita a gefe a nufi asibiti. Zazzaɓin cizon sauro yana birkita suga, don haka ranar zazzaɓi a ƙara gwaji, a je a yi gwajin maleriya. Batun azumin Ramadan kuwa, mai ciki da ciwon suga likitoci suna ba ta shawarar ta sha, kuma addini ya yi mata rangwame, a zo a tattauna tun kafin watan ya kama.

A taho asibiti nan take idan lamba ta haura 200 kuma aka maimaita ta ƙi sauka, ko na'ura ta rubuta HI ko LO, ko ana ta amai, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, ko motsin jariri ya ragu.

Haihuwar mai ciwon suga ta asibiti ce, inda akwai ɗakin tiyata da masu duba jarirai, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Tunda hanyoyinmu ba kullum suke biyuwa da dare ba, maigida ya yi shiri tun wata na takwas: kuɗin mota, da wanda zai ba da jini, da gidan ɗan'uwa a cikin gari inda za ta sauka idan lokaci ya matso. Da an haihu a sa jariri a nono cikin awar farko, har da dakashi, shi ne ke riƙe masa suga.

Yawancin mata sugansu kan daidaita bayan mabiyiya ta fita, amma wadda ta yi shi a ciki tana cikin haɗarin samun ciwon suga na dindindin daga baya. Saboda haka a yi hankali da zuba suga a kunun jego, sannan da an yi arba'in, kafin jariri ya cika wata uku, a dawo a sake gwajin ruwan suga. A taho da littafin da katin awo, kuma a adana su, za mu neme su a ciki na gaba.