Kuɗin koyon harshe a ƙasar waje yana nan, ga mai shiri da wuri

Ina koyar da harshe a jami'a, kuma cikin aikina akwai rubuta wa ɗalibai wasiƙar shaida idan za su nemi tallafin karatu a waje. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancinsu sai ana gab da rufe ƙofa suke zuwa, ba fasfo, ba takardar cikakken sakamako. Ƙwaƙwalwa kam akwai ta, shirin ne babu.

Mu ɗauki tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda aka fara a 2012. An saba karɓar takardu daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Wanda ya dace ana biya masa kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi, ga alawus duk wata. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, na biyu 30, na uku 35. Kafin ya shiga aji kuwa, zai yi shekara guda cur yana koyon Turkanci. Wasu ɗalibai na ganin wannan shekarar ɓata lokaci ce. Ni kuwa ita nake gani ribar tafiyar, domin digiri ana samunsa a gida, amma harshe sai ka zauna cikin masu shi, ka yi ciniki da shi a kasuwa, ka faɗa wa likita ciwonka da shi.

Ƙasar Sin ma tana ɗaukar nauyin masu son zurfafa Sinanci, na zango ɗaya ko na shekara, sai dai tana neman sakamakon jarrabawar Sinanci ta HSK. Wato a gida za ka fara. Cibiyoyin Confucius na Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka suna koyarwa, suna kuma tura sunayen ɗalibai. Da nisa daga Kano ko Sakkwato, gaskiya ne, amma ku dubi yawan 'yan Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou saro kaya, kowa na biyan tafinta.

A kula da wanda aka yi wa tallafin. Ɗalibai kan kawo mini sanarwar tallafin Boren da murna, ganin har da Hausa a jerin harsunan da ake biyan kuɗin koyonsu. Wannan na 'yan Amurka ne kaɗai, bisa dokar da aka yi a 1991, kuma wanda ya karɓa sai ya yi wa gwamnatinsu aiki na aƙalla shekara guda.

Abu biyu na fi ganin suna kayar da yaranmu. Na farko suna: Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a fasfo, ranar haihuwa kuma daban a katin NIN. Mai tantancewa a Ankara bai san ka ba, takarda yake gani. Gyaran nan yana cin watanni. Na biyu bayanin dalili. Sai in ga yara da yawa sun kawo rubutu iri ɗaya da aka buga musu a shagon intanet, kowa "tun ina yaro nake son ƙasarku". Faɗi abin da za ka yi da harshen idan ka dawo: fassara, koyarwa, aikin jarida, ko binciken cinikin da ke tsakanin ƙasarka da tasu.

Neman tallafin Turkiyya kyauta ne, a shafinsu kai tsaye. Duk dillalin da ya ce ku kawo kuɗi yana da hanya, ku rabu da shi.

Iyaye, don Allah ku taimaka da kuɗin fasfo tun yaro yana aji uku. Ku kuma ɗalibai, mai son wasiƙar shaida ta Janairu ya zo mini a Nuwamba da takardunsa a hannu.