Tambaya da Amsa: Allurar Mitar Babur Ɗina Ta Kwanta

TAMBAYA: Malam, ni malamin gona ne a yankin Haɗeja, da Yamaha DT125 nake zagayen ƙauyuka. Tun tsakiyar damina allurar mitar gudu ta fara rawa, sai ka ce mai jin ɗari. Makon jiya na yi faci a ƙafar gaba, daga ranar allurar ta kwanta a kan sifili, lambobin kilomita ma suka tsaya cak. Wani yaron bakanike ya ce sai dai in sayi sabuwar mita. Da lambobin nan nake sanin lokacin juyen baƙin mai, da su kuma nake cike takardar kuɗin fetur a ofis. Ina mafita?
Mai karatu daga Jigawa

AMSA: Malam, riƙe kuɗinka tukuna, kada a bar jaki a daki taiki. Mitar da kake kallo ita ce ƙarshen layi, kuma mafi yawan lokuta ciwon yana can ƙasa, inda ake shan laka da yashi.

Abubuwa uku ne ke aiki tare. A cibiyar ƙafar gaba akwai ƙaramin giya mai juyawa tare da taya. Shi ke murza wata siririyar waya da ke cikin rigar kebur, mai baki kusurwa huɗu. Wayar kuma ta hau sama ta juya maganaɗisu a cikin mita, shi ya ja allura, wasu ƙananan haƙora kuma su juya lambobi. Tun da allura da lambobi sun tsaya rana ɗaya, alama ce juyawar ba ta isowa sama ko kaɗan. Da a ce lambobi na tafiya allura ce kaɗai ta mutu, da yaron nan ya yi gaskiya.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kwance notin kebur a ƙarƙashin mita, da hannu ma yakan kwance. Ɗora cikin babur a kan kututture har ƙafar gaba ta bar ƙasa, ka sa wani ya juya tayar gaba, kai kuma ka zuba wa bakin wayar ido. In ba ta motsa ba, kama ta da yatsu biyu ka ja. Idan guntu ya biyo hannunka, ta tsinke, sai sabon kebur, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na mita ba.

Idan kuwa ta fito lafiya lau, to zargina yana wurin mai faci. Giyan nan yana da 'yan kunnuwa da dole su zauna cikin gurbinsu a cibiyar ƙafa. Mai gaggawa yakan mayar da ƙafa ba tare da ya daidaita su ba, ya ɗaure notin ƙafar da ƙarfin tsiya, kunnuwan su lanƙwashe. Cire ƙafar ka duba. In lanƙwasa ce kawai, filaya za ta miƙar da su a hankali. In haƙoran sun cinye, sai an canza giyan. Wanke shi da kananzir, ka shafa giris kaɗan, domin in ya yi yawa zai iya kaiwa ga birki.

Rawar da allura ta yi da damina kuwa, kukan kebur ne. Duk ƙetare rafi ruwa da taɓo na shiga rigarsa, wayar ta yi tsatsa, ta riƙa maƙalewa tana fizgewa. Zare ta, wanke da kananzir, shafa mata giris mara kauri, amma ka bar kamar taƙi ɗaya na sama a bushe, kada maiƙo ya hau cikin mita ya danƙare allura. Wurin mayarwa, bi da kebur ta cikin maƙalansa ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba. Sannan ka karya kan babur dama da hagu, ka danna gaba da ƙarfi, ka tabbata ba ya ɗamewa, don ƙafar gaban irin wannan babur tana nutsewa sosai a gargada.

Sai fa idan waya na juyawa daidai amma mita ta yi shiru, a nan ne za ka nemi wata.

In ka gama, buɗe manhajar auna gudu a wayarka ta salula ka gwada ta da mitar a kan kwalta. Mita takan ɗan ɗara gaskiya, wannan ba laifi ba ne. Kuma daga yau, duk ranar da ka je faci, tsaya a kan mai facin har ya mayar da ƙafa, ka juya taya ka ga allura ta ɗaga kafin ka miƙa masa kuɗinsa. Allah ya kiyaye hanya.