Darasi na Tara: Kurmin Kagoro da Ruwan Matsirga

Kafin Karatu

Wane itace ne ya fi yawa a garinku? Daga ina ruwan da kuke sha yake fitowa? Ku riƙe amsoshinku har ƙarshen darasi.

Karatu

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Kafanchan, da zarar ya wuce Kaciya zai ga ƙasa ta sake kama. Itatuwa sun ƙara tsawo, ciyawa ta ƙara kauri, ga duwatsu can gaba. Hatta sunayen ƙauyukan kudancin Kaduna suna ba da labarin wurin, kamar Kurmin Musa da Kurmin Jibrin da Kurmin Biri. Kurmi shi ne daji mai duhuwa, inda rassan itatuwa suke haɗuwa har rana ba ta isa ƙasa sosai.

Me ya kawo kurmi a nan? Iskar damina tana tasowa daga teku, ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Idan ta iso duwatsun Kagoro, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,200, sai ta hau sama ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa damina take kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,500, alhali na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba.

A gindin duwatsun ne gandun dajin Kagoro da Nindam yake. A cikinsa akwai manyan itatuwan katako irin su loko da maɗaci, ga gora da kwakwar manja a bakin rafuka. A sarari kuwa, kusa da gonaki, akwai ɗorawa da kaɗanya da giginya da atili. Kowannensu da amfaninsa. Da kalwar ɗorawa ake yin daddawa, daga ƙwarar kaɗanya ake samun man kaɗe, ɓawon maɗaci kuma magani ne tun zamanin kaka da kakanni.

Namun daji ma suna nan, ko da yake sun ragu ƙwarai. Birai suna zaune a kan duwatsu, gada da beguwa suna ɓuya cikin duhuwa, gyazbi yana bin ciyawar fadama. Wanda ya yi sammako zai ji kukan fakara da zabin daji, ya ga cilakowa tana tashi daga reshe zuwa reshe. Akwai tsuntsaye a wannan kurmi waɗanda aka fi sani da dazuzzukan kudancin Nijeriya, saboda haka masu nazarin tsuntsaye suke zuwa ganinsu.

Mutanen Kagoro sun daɗe da sanin darajar duwatsunsu. Kowace ranar 1 ga Janairu suna yin bikin Afan, kalmar da take nufin dutse a harshensu. Asalin bikin shi ne nuna cewa an gama girbi, lokacin farauta ya yi. Wato farauta tana da lokacinta, ba kullum ake yin ta ba. Ba kuma wasa ba ce, domin Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Amma babbar kyautar kurmi ita ce ruwa. Idan hadari ya sauko, ganyaye ne suke fara tare ruwan, sai ya ɗiga a hankali kan busassun ganyayen da suka rufe ƙasa. Saiwoyi suna riƙe ƙasar, ruwa ya nutse ya kwanta. Da rani sai ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan ta idon ruwa. Daga irin waɗannan maɓuɓɓugai na duwatsun Kagoro kogin da yake zubowa a Matsirga, kusa da Kafanchan, yake samun ruwa. A can ruwan yana faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, kuma ɗalibai da baƙi sukan je yawon buɗe ido.

Yau kurmin yana fuskantar barazana. Ana sare itatuwa don katako da gawayi, ana share daji don noman citta da doya, ana cinna wuta da rani don kama gyazbi. Masu yin haka neman abinci suke yi, ba mugunta ba. Sai dai idan itatuwa suka tafi, ruwan sama yakan gangaro da ƙarfi ya kwashe ƙasar noma, rafi ya yi ambaliya da damina, ya ƙafe da wuri da rani. Wahalar takan faɗa kan mata da yara masu zuwa ɗiban ruwa.

Wani zai ce, ai sai a dasa wasu. Dashe yana da kyau, ga misali a gandun Nimbiya da ke kan hanyar Jos, inda aka dasa dubban itatuwan tik da malaina. Wannan gandu yana ba da katako, ya rage wa kurmi nauyi. Amma tik yana kaɗe ganyensa da rani, ba ya kuma ba biri ko tsuntsu abincin da itatuwan gida suke ba su. Itacen loko yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya girma, injin yanka kuwa cikin sa'a guda zai kayar da shi. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi

duhuwa: wurin da itatuwa suka yi cunkoso
danshi: laima, jiƙar iska ko ta ƙasa
gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe
kalwa: ƙwayar da ke cikin 'ya'yan ɗorawa
sammako: fita da sassafe
maɓuɓɓuga: inda ruwa yake fitowa daga ƙasa
ƙafe: bushewar ruwan rafi ko rijiya

Nahawu

Ku lura da "-kan" a cikin "yakan kai" da "sukan je". Yana nuna abin da aka saba yi. Misali: Nakan tafi gona ranar Asabar. Takan ɗebo ruwa da safe.

Tambayoyi

1. Mene ne kurmi?
2. Me ya sa ruwan sama ya fi yawa a Kagoro?
3. Kawo itatuwa uku da amfanin kowannensu.
4. Yaya kurmi yake ajiye ruwa har zuwa rani?
5. Mene ne bambancin gandun Nimbiya da kurmin Kagoro?
6. Rubuta jam'in waɗannan: dutse, rafi, tsuntsu, biri, reshe.
7. Gina jimloli uku da mukan, akan da sukan.

Aikin Gida

Ka tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarku yadda rafin garinku yake a lokacin ƙuruciyarsu, da irin itatuwan da suke bakinsa. Ka rubuta abin da ka ji cikin jimloli goma, ka karanta wa 'yan ajinku.